Ina Amfanin Ƙona Ganye?

'Yan'uwa manoma, ga hunturu ya sake zagayowa. An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, itatuwa kuma sun fara zubar da ganye. Kuka ce takan fara, ta tsaya fayau tun wajen Nuwamba ko Disamba. Kaɗanya da malaina su biyo baya. Dalbejiya, wadda waɗansu ke kira dogon yaro, takan jira sai wajen Fabrairu zuwa Maris, sa'an nan ta zubo nata kamar ana zazzage buhu. Mangwaro kuwa ba shi da rana, kullum safiya sai an sami abin sharewa a gindinsa.

Duk wanda ya zaga ƙauyukanmu da yamma a wannan lokaci ya san abin da ke biyo bayan shara. Kowane bayan gida da ɗan tarinsa yana cin wuta. Filin makaranta haka, bakin kasuwa haka. Ran Asabar ma, in an gama share harabar majami'a, ashana ce takan rufe aikin. Hayaƙi ya haɗu da ƙurar hunturu ya kwanta a kan gari, tsofaffi da masu ciwon asma su kwana tari. Kashegari iska ta kwashe tokar, a sake ɗaukar tsintsiya.

Ra'ayinmu a wannan fitowa shi ne, wannan al'ada hasara ce, ya kuwa kamata ƙungiyoyinmu na gama kai su sa baki a ciki. An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Mu dai mun yi ta cigiya, ba mu sami wanda ya san kasuwar wannan toka ba tukuna.

Bari mu fara da abin da ke cikin ganyen. Saiwar itace takan nutsa can ƙasa, inda saiwar masara ko ta tumatir ba ta kaiwa, ta jawo abinci ta kai wa ganye. Kafin ganye ya faɗo, itacen yakan janye wajen rabin abincin nan ya ajiye a jikinsa domin baɗi. Sauran ne ke faɗo mana a tsakar gida. Watau itacen yana haƙo mana taki daga ƙarƙashin ƙasa kowace shekara, ba mu biya shi ko kwabo ba.

Ku dubi buhun kamfa, za ku ga an rubuta 15-15-15. Lamba ta fari ta naitirojin ce, abin da ke sa shuka ta yi kore shar, shi ne kuma abin da muke saye cikin yuriya. Ta biyu ta sinadarin da ke cikin sufa ce. Ta uku ta fotash ce. Sa'ad da aka sa wa ganye wuta, kusan dukan naitirojin ɗin yakan bi hayaƙi ya tafi, ba ya dawowa. Abin da ya rage cikin toka yawancinsa fotash ne da danginsa. Toka tana da amfaninta, ba mu musa ba. Amma tokar murhu da muke kwasa kullum ta ishi kowane lambun gida, har ta yi yawa.

Kada dai mu ruɗe ku. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, gama kashi 46 cikin 100 ne. Busasshen ganye kuwa yawanci bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Sai an tara fiye da tan guda, wani lokaci har biyu, kafin a kamo buhu ɗaya. Saboda haka duk wanda ya ce muku sharar gindin mangwaro za ta riƙe gonar masara eka biyar, bai yi lissafi ba. Muna zancen lambun gida ne, 'yan fangalin nan na bayan ɗaki ko na bakin rijiya, inda ake samun alayyafo, da yakuwa, da kuɓewa, da albasa, da barkonon miya. Ga wannan lambu, ganyen itace uku ko huɗu abu ne mai yawa.

Babban amfanin ganye ma ba a cikin lissafin buhu yake ba. In ya ruɓe yakan zama baƙar ƙasa mai laushi, irin wadda ake samu a gindin tsohuwar tsamiya ko a tsohon juji. Ita ce ke riƙe ruwa kamar soso, ita ce kuma ke riƙe takin zamani kada ruwa ya wanke shi ya wuce da shi ƙasa. A yawancin gonakinmu na arewa, wannan ruɓaɓɓen abu da ƙyar yake kai kashi 1 ko 2 cikin 100 na ƙasar, zafin rana kuwa yana cinye shi da sauri. A Samaru ta Zariya akwai wani gwaji da aka fara tun 1950, ana gwada takin dabbobi da takin zamani a fili ɗaya shekara da shekaru. Abin da ya fito shi ne, inda aka daɗe ana zuba takin zamani mai naitirojin shi kaɗai, ƙasa takan yi tsami ta gaji, inda aka haɗa shi da takin gida kuwa ta fi riƙe ƙarfinta. Iyayenmu da suke kai taki gona a mangala ba su je Samaru ba, amma abin da suka sani ke nan.

Kowa kuma ya san yadda kuɗin taki ya yi tsalle a 2022, bayan da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukren. Sa'an nan a watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, mai injin ban ruwa ya ji a jikinsa. Fangalin da aka rufe bakinsa da ganye ba ya bushewa da wuri. Kowace garwa da ba a ɗebo ba, kowace lita da ba a ƙona ba, kuɗi ne ko kuwa ƙarfin bayan wani.

To, in amfanin ya kai haka, me ya sa har yanzu ake ƙonawa? A nan dole mu ɗauki namu laifi. Shekarun baya mun yi ta koya wa ƙungiyoyi su tara ganye a watan Janairu, su jera shi hawa-hawa da kashin shanu, su riƙa zuba masa ruwa kowane mako, su juya shi bayan mako uku. A kan allo abin ya yi kyau ƙwarai. Amma ba mu ne muke zuwa rijiya ba. A wani taro wata uwa ta tashi ta tambaye mu, ruwan da ta ɗebo tun da asuba, yara za ta ba, ko tukunya, ko kuwa juji. Muka rasa amsa. Da muka koma ƙauyen bayan wata biyu, tarin duka sun bushe ƙayau, awaki da kaji sun watsa su, iska ta mayar da ganyen tsakar gida inda aka sharo shi. Mutane suka koma ga ashanarsu, ba mu kuwa ga laifinsu ba.

Abin da muka koya shi ne, ganye yana zuba a lokacin da ba ruwa, ruwa kuma yana zuwa a lokacin da ba ganye. Duk dabarar da ta ce sai an haɗa su biyun da ƙarfin mace a tsakiyar rani, ba za ta daɗe ba. Gara a ajiye ganyen, a bar damina ta yi ban ruwan.

Wurin ajiyarsa kuwa mafi kyau shi ne ƙarƙashin dabbobi. A kwashe sharar safiya a zuba a turken awaki, ko na tumaki, ko inda saniya take kwana, ko cikin akurki. Dabba za ta tsinci abin da take so ta ci, sauran ta tattake shi ya farfashe. Abin da ya fi duka, ganyen zai shanye fitsari. Mutane da yawa ba su san wajen rabin naitirojin da dabba ke fitarwa, ko ma fiye, a cikin fitsari yake ba. Mukan kwashe kashi mu yi murna, alhali rabin dukiyar ta nutse a gindin turke ko rana ta shanye ta. Ga shi kuma dabba tana samun shimfiɗa mai ɗumi a daren hunturu.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Wani Baturen Ingila mai suna Albert Howard ya yi aikin gona a Indore ta ƙasar Indiya daga 1924 zuwa 1931, ya kuwa koyi da yawa daga manoman wurin. A hanyar yin takin da ta ɗauki sunan garin, ana fara shimfiɗa wa shanu ganye da karmami su kwana a kai, kafin a kai rami. Yawancin littattafan da suka zo mana sun riƙe zancen rami da juyawa, suka manta da zancen shimfiɗa.

Dalilin ke nan kuma da ya sa ganye shi kaɗai yake jinkirin ruɓa. Ƙananan halittun da ke ruɓar da shi, waɗanda ido ba ya gani, suna bukatar naitirojin kafin su yi aiki. Busasshen ganye tuwo ne a gare su, kashi da fitsari da ɗanyar ciyawa su ne miya. Kwando uku na ganye, kwando ɗaya na kashi, ya isa. A nan ne za mu ja kunnen masu gaggawa. Kada a binne busasshen ganye cikin fangali yau, gobe a dasa tumatir. Halittun nan za su ari naitirojin ɗin ƙasa su ci tuwonsu da shi, dashen ya yi rawaya ya tsaya cik, mai lambu kuma ya ce malaman gona sun cuce shi.

Bayan mako ɗaya ko biyu sai a kankare shimfiɗar a kai rami, a yayyafa ƙasa kaɗan a kai domin iska da rana. Rami mai tsawon ƙafa 6, faɗin ƙafa 4, zurfin ƙafa 2 ko 3 ya ishi gida ɗaya. In akwai inuwa, a haƙa shi a inuwa. Ruwan wanke-wanke wanda ba shi da sabulu da yawa, maimakon a watsar a ƙofar gida, a zuba a ciki. In babu, a bar shi kawai. Da ruwan farko ya sauka sai aiki ya tashi da kansa. A soka sanda a tsakiya, bayan kwana uku ko huɗu a zaro. In ta fito da ɗumi da laima, taki yana nuna. A juya shi sau ɗaya bayan noman farko, a ƙara masa ɗanyar ciyawar da ba ta yi 'ya'ya ba, a sake juyawa wajen ƙarshen Agusta. Lokacin marka a rufe shi da tsohuwar zana, kada ruwa ya wanke ƙarfinsa. 'Yan'uwanmu na kudancin Kaduna, da Filato, da Taraba, inda ruwa yake da yawa, gara su tara a bisa tudu su kewaye da kara, gama rami yakan cika da ruwa takin ya yi ɗoyi. Zuwa Oktoba, daidai lokacin da ake gyaran fangali domin noman rani, takin ya yi baƙi, ya yi laushi, yana ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa.

A ƙasashen sanyi, kamar Ingila da Amurka, ganye yakan zube gaba ɗaya a watan Oktoba da Nuwamba, kafin ƙanƙara. Garuruwa da yawa a can sun hana ƙona shi. Masu lambu sukan tara shi cikin keji na waya su jira shekara guda, wani lokaci biyu, kafin ya ruɓe, domin sanyi yana hana shi. Mu a nan damina ɗaya ta isa. Zafin nan da ke cinye ƙarfin ƙasarmu, shi ne kuma ke dafa mana taki da wuri.

Wanda yake da lambu a ƙasa yanzu ba sai ya jira Oktoba ba. Ya baza ganye a kan fangali, kaurin yatsu uku ko huɗu, bayan dashe ya kama. Ya bar ɗan fili kewaye da gindin kowace shuka, kada ganye ya taɓa ta. Ya jiƙa shi, ya ɗora 'yan karare a kai domin iskar hunturu. Ganyen da ke kwance a bisa ƙasa ba ya ƙwace wa shuka abinci kamar wanda aka binne. Ƙananan ganye irin na dalbejiya, da tsamiya, da ɗorawa sun fi kwanciya. Na mangwaro da na kashu suna da tauri kamar fata, gara su bi ta turke tukuna. Na turare kuwa yana da mai, yana jinkiri ƙwarai, yakan kuma danne ƙananan tsiro, saboda haka kada a sa shi a kan fangalin iri.

Mun san abin da za a ce mana, gama mun sha ji. Na fari, maciji. Wannan ba abin wasa ba ne. Wanda ya taɓa kai ɗan'uwa asibitin saran maciji na Kaltungo ba ya bukatar a faɗa masa abin da kububuwa take yi. Tarin ganye yana jawo ɓera, ɓera kuma yana jawo maciji, kunama ma tana son wurin. Ba za mu ce wa kowa ya bar ganye a jikin ɗaki ko a bakin hanyar da yara suke bi ba. A share tsakar gida tsaf kamar kullum. Rami ya yi nisa da ɗakin kwana da rumbu, kamar taku 20 in fili ya yarda. A taɓa shi da manjagara ko shebur, ban da hannu, ban da dare, kada kuma a aiki ƙaramin yaro shi kaɗai. Wanda yake da dogon takalmin roba ya sa. Ganyen da dabbobi suke tattakawa kullum, ana kuma kwashe shi kowane mako, ya fi tarin da aka manta a bayan danga aminci nesa ba kusa ba.

Na biyu, gara. Gaskiya ne tana zuwa. Kusa da ɗakin azara ko rumbu abokiyar gaba ce, shi ya sa muka ce a nisanta rami. Amma a lambu ba kullum take ɓarna ba. A yankin Yatenga na Burkina Faso, wani manomi mai suna Yacouba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023, ya yi suna a duniya saboda 'yan ramukan da yake haƙawa da rani a ƙasar da ta mutu ta yi fako. Yakan zuba taki da ganye a ciki, gara ta zo ci, ta huda ƙasa da hanyoyinta, ruwan sama ya sami wurin shiga. A 1989 waɗansu manoma daga Illela ta jihar Tawa a Nijar suka je suka gani, suka kawo dabarar gida, inda ake kiran ramukan tassa. Sau da yawa gara takan fi damun shukar da ta sha ƙishi, ko inda ba ta sami busasshen abu a ƙasa ba. In ta cinye ganyen da aka baza, a ƙara wani. Ai ba saye ake yi ba.

Na uku, cuta. A nan mun yarda da wuta. Ganyen mangwaro mai baƙaƙen ɗigo, da ganyen lemo mai ciwo, da ragowar tumatir da tsutsa ta ci, irin tsutsar nan da ta yi ɓarna a Kaduna da Kano da Katsina a 2016, waɗannan a ware su a ƙone. Ramin gida ba kullum yake yin zafin da zai kashe su ba. Haka kuma a tsince leda, da tsohon batir, da kwalba, kafin shara ta shiga turke. Leda ba ta ruɓa, tana kashe akuya in ta haɗiye, hayaƙinta kuwa ya fi na ganye mugunta.

Akwai wata magana da ba a cika faɗa a taro ba, amma mu za mu faɗa. Wa yake shara? Mata da yara. Wa yake kwashe turke? Yawanci su ne. To, in taki ya nuna a Oktoba, na wane ne? Mun ga gidajen da uwargida ta yi wahalar wata tara, ranar da taki ya yi baƙi sai maigida ya kawo amalanke ya kwashe zuwa fadamarsa, ko sannu babu. Shekara ta gaba ta koma ga ashana, kowa kuwa ya ce mata ba su son ci gaba. A ganinmu, takin ganyen tsakar gida na lambun miya ne, na wadda ta tara shi. In ya yi saura ta sayar wa maigida ko maƙwabci da kwando, yadda take sayar da ƙwai. Maigidan da yake son rabo, ya haƙa ramin, ya kuma yi juyin nan biyu, gama aikin ƙarfi ne.

Ga abin da muke roƙon kowace ƙungiya. A sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a taron wata mai zuwa, mata kuma su kasance a wurin, a ba su baki. Ƙasa tana da tauri yanzu, mutum ɗaya da fartanya ba zai haƙa rami ba, amma gayya ta mutum shida da diga biyu za ta gama gida uku a yini. A fara da gidajen gwauraye da tsofaffi. Daga asusun ƙungiya a sayi baro ɗaya, da manjagara biyu ko uku, a riƙa ara. A je wurin hedimasta da dattawan majami'a a nemi izinin rami a bayan fili, gama itatuwan da suka fi zubar da ganye a ƙauye yawanci a nan suke. Tun 2011 akwai dokar tarayya a kan ƙona daji da ƙona shara a fili, amma ba mu taɓa ganin ta iso bayan gidan kowa ba. Shawarar da ƙungiya ta yanke da bakinta za ta fi ta aiki.

Kada kuma ku karɓi maganarmu haka kawai, tun da mun taɓa kuskure. Kowace ƙungiya ta sami mutum biyu ko uku masu lambu a ƙasa yanzu. Kowannensu ya ware fangali biyu, girma ɗaya, iri ɗaya, dashen rana ɗaya. Ya rufe ɗaya da ganye, ya bar ɗaya a buɗe. Ya riƙa ba kowanne ruwa sa'ad da ya ga yana bukata. Sakatare ya rubuta garwa nawa kowane fangali ya sha, kwando nawa kuma aka ɗiba a ciki har ƙarshen Maris. Ku aiko mana da lissafin ta hannun malamin gona na yankinku. Za mu buga shi da sunan ƙungiyarku yadda ya zo, ko ya goyi bayanmu ko bai goya ba.